Wa Zai Sauke Mu?

Itace kawai Hajo ta fita nema. 'Yarta Sakinatu ta haihu, ana tsakiyar wankan jego, itacen gidan ya ƙare tas. Mijin yarinyar, Isiyaku, wanda shi ya kamata ya tara shi tun cikin yana tsufa, dogarai sun ɗebe shi aikin hanyar jirgin ƙasan Nasara, ko labarinsa babu. Kowa kuwa ya san abin da ke samun mai jego in aka yi mata wasa da ruwan zafi: sanyi ya shige ta, ƙafa ta kumbura, daga nan sai abin da Allah ya yi. Hajo ta riga ta rasa 'ya ɗaya ta haka, Sakinatu ce kaɗai ta rage mata.

A wancan zamani Tudun Wada 'yan gidajen ciyawa ne a wajen ganuwar Zariya, amma itacen kusa duk masu sara wa jirgi sun share shi. Sai da ta tsallake Kubanni ta nausa dajin bayan Hanwa kafin ta haɗa dami na kirki. Wani manomi ya ɗora mata. Ta juyo rana ta yi ja, ga tsufa, ga yunwa, gwiwoyi sai ƙara suke kamar tsohuwar ƙofa.

To, duk wanda ya taɓa dakon kaya ya san ba a sauke kaya ƙasa in mutum shi kaɗai ne, don babu mai ɗora masa. Bishiya mai gwafa ake nema a jingina damin a kai, a zame kai a huta, shi ne loko. Akwai wata tsohuwar ɗorawa a bakin hanya wadda matan itace suka saba yin loko a jikinta. Da ita Hajo take lallashin wuyanta tun daga nesa: yi haƙuri, mun kusa.

Da ta iso, sai ta tarar da kututture. An sare ɗorawar a ranar nan, jikin saran ko bushewa bai yi ba.

Ta tsaya tana kallonsa, ranta ya ɓaci, ƙafafunta suka ce su kam sun gama. Ta san bai kamata ba, amma ta tunkuɗe damin ƙasa, ta zauna a kan kututturen.

Can cikin birni aka kira magariba. Ta miƙe ta gwada ɗaga damin, ko motsi bai yi ba. Ta duba gaba, ta duba baya, babu kowa sai gamba da ta fi mutum tsawo. Nan ta yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko, don da almuru ba a roƙon taimako sai an ga fuskar wanda ake roƙo. Gajiya ce ta yi magana da bakinta.

"Bayin Allah, babu mai ɗora mini?"

Kwaɗin rafi suka yi tsit gaba ɗaya.

Wani wari ya taso, na ɗanyen itace da jiƙaƙƙiyar toka. Gamba ta fara buɗewa a hankali, ga shi babu iska. Hajo ta durƙusa gaban damin, ta gyara gammo, ta kafa ido a ƙasa. Ta ce a ranta, ko wane ne, ya ɗora mata ta wuce.

Ƙafafu suka tsaya a gabanta. Ba na mutum ba ne, ba kuma kofato ba. Dogaye ne, masu yatsu barkatai kamar saiwa, da ɗanyar ƙasa a jikinsu.

Ba ta ko kama nata gefen ba. Damin ya tashi shi kaɗai, ya sauka a kanta daidai wa daida.

"Na gode," ta ce.

"Na gaji," aka ce mata, ƙasa-ƙasa, kamar reshe yana gugar reshe.

Ta miƙe. Ƙafafun nan babu su. Ta kama hanya ba ta waiga ba, tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Sai dai damin ba shi ne wanda ta sauke ba. Ya yi wani irin nauyi, har tana jin ƙashin wuyanta yana nutsewa. Kuma yana da ɗumi.

Yana numfashi.

Da ta shiga Kubanni, ruwa iya gwiwa, sauran hasken sama ya nuna mata inuwarta. Ga ta, ga damin, ga wani abu a ƙudundune a samansa, ya sako dogon hannu yana lilo kusa da kunnenta.

Ta haye. Hayaƙin gidajen Tudun Wada ya fara shigar mata hanci.

"Wa zai sauke mu?" aka raɗa mata.

Mu. Ta san wanda ke sauke mata kaya kullum. Sakinatu ce, da jego da komai, takan taso da hanzari ta miƙo hannu biyu. A bayanta kuma ga jaririn a kwance.

"Babu kowa," Hajo ta ce.

"Akwai. Ina jin warin nono."

Ta saki hanyar gida. A bakin gari akwai wata tsamiya mai gwafa, can ta nufa tana tangaɗi. Ta cusa damin cikin gwafar, ta durƙusa, ta zame kanta.

Yatsu suka kama gashinta, masu sanyi, masu kaushi.

Ta fizge. Gammo da kallabi suka tsaya can. Ta faɗi, ta tashi, ta yi gudun da ba ta san tana da shi ba. Sai da ta ga dangar gidanta ta tsaya tana haki. Itace ya tafi, amma ta tsira, ta yi wa Allah godiya.

Sakinatu ta leƙo daga ɗaki cikin duhun magariba, ta taso da sauri.

"Sannu, Inna. Wannan uban kaya haka? Tsaya in sauke miki."

Hajo ta shafa kanta. Babu komai sai gashi. Amma yarinyar sama take kallo, can sama da kan, hannuwanta a miƙe.

"Kar ki taɓa ni," ta ce a hankali. "Koma ɗaki wajen ɗanki."

A daren ta sa gatari ta faskare turminta, da shi aka tafasa ruwan wanka. Da ya ƙare ta bi da taɓarya, ta bi da gadonta, ta bi da ƙyauren ɗakinta. Sakinatu ta gama arba'in lafiya lau, yaron ya yi ƙiba. Damin nan kuwa ya shekara a jikin tsamiya, duk tsananin neman itace a Tudun Wada ba a sami wanda ya zari ko ƙirare ɗaya ba.

Hajo ta kafa bukka a bayan gida ta koma can. Ba ta sake yarda an yi mata kitso ba, ba ta taɓa goya jikanta ba, a zaune take barci, jingine da bango. Tafiyarta ta zama ta mai kaya, wuya a sandare, hannu ɗaya a sama kamar tana tallafe wani abu. In an gaishe ta aka ce, "Inna, ina gajiya?" ba ta cewa ba gajiya kamar kowa. Sai ta ɗan yi shiru tukuna, kamar mai sauraro.

"Mun gaji," take cewa.