Amyar da Ta Yi Shiru

A wani zamani an yi wani wa da ƙanensa masu kiwon zuma. Ana tsakiyar marka, ruwa ba dare ba rana, sai ciwon ƙafa ya kwantar da wan.

Ya ce wa ƙanen, "In ruwa ya tsare zuma a amya, takan gina wa sabuwar sarauniya ɗakuna kamar kwanson gyaɗa, tsohuwar sarauniyar ta kwashi rabin ƙudan zuman su tashi. Je ka fasa ɗakunan. Amma kada ka fasa sai ka ga tsohuwar da idonka."

Ƙanen ya je, ruwa na dukansa, sanyi na ratsa shi. Bai tsaya nema ba, ya farfasa duka, ya dawo a guje.

"Ka ga tsohuwar?"

"Na gan ta, Yaya."

Ashe ta riga ta tashi. Amya ta zauna ba tsohuwar sarauniya, ba sabuwa, sauran ƙudan zuman suka ƙare.

Da wan ya warke, suka je tare. Ya kara kunnensa a jikin amya, ya ji shiru. Ya juyo a hankali.

"Ka ga tsohuwar?"

Ƙanen ya sunkuyar da kai. Ruwa ya daɗe da ɗaukewa, amma fuskarsa a jiƙe take.