Amaryar da Sanyi Ke Ƙonawa

Na rantse da kabarin kakana ba za ku yarda ba, amma akwai mutumin da sanyi ke ƙonawa kamar wuta. Ni ma ban yarda ba, ni Tarmo, da na yi wata bakwai cur a makarantar koyon jinya kafin malaman su ga na fi ƙarfinsu su ce in je gida in huta.

Wata Asabar ƙanena Ilmari ya kawo budurwarsa Pihla gidanmu na bakin tafki. Mama ta yi miyar kifi, ta yanka baƙin burodi. Yarinyar ta shigo a naɗe kamar jaririya, safar hannu bibbiyu, ido kawai ake gani.

"Mama, ga Pihla. Mun sa rana, watan shida."

Mama ta dube ta sama da ƙasa. "To. Ta ci abinci, mu shiga surace, daga nan sai rami. Tarmo ya fasa ƙanƙarar tun safe."

Haka ake yi a gidanmu. Duk mai son shigowa dangi sai ya fito daga ɗakin surace da guminsa ya faɗa ruwan ramin da aka fasa a ƙanƙarar tafki a gaban Mama.

Pihla ta sunkuyar da kai. "Mama, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Sanyi in ya taɓa ni fatata kumbura take yi. In kuwa ruwan sanyi ya game jikina, likita ya ce zan iya mutuwa."

"Mutuwa!" Mama ta tafa hannu. "A ina aka haife ki? Ba a ƙasar nan ba, inda sanyi ke cinye rabin shekara? Yau na ji kifi ya ce ruwa na sa shi mura!"

"Mama, ciwo ne na gaske," in ji Ilmari. "Garkuwar jikinta ce ke ɗaukar sanyi kamar abokin gaba. Kullum sai ta sha ƙwaya, ga allura nan a jakarta…"

"Rufe min baki, shanyayye!" Ta juyo gare ni. "Tarmo, kai da ka yi karatun asibiti, akwai wannan ciwon?"

Gaskiya ranar da aka yi darasin ina can ina kamun kifi. Amma namiji ba ya cewa bai sani ba a gaban baƙuwa.

"Babu shi a littafi, Mama. Dirama ce ta 'yan birni. Bokiti ɗaya zai warkar da ita."

"Yaya, ka ji tsoron Allah!" in ji Ilmari. "Kai da aka kora kafin a ba ka ko auduga ka riƙe?"

"Korarren ya fi ka sani, mijin-ta-ce!"

Mama ta buga cokali a tebur. "In ba ta shiga ramin nan ba, ba da yawuna ba. Ƙafata ba za ta taka cocin ba."

Pihla ta share hawaye, ta tashi ta kwashe kwanuka ta wanke. Asabar uku tana dawowa. Ta gaida Mama, Mama ta amsa wa bango. Ta kawo takardar likita, Mama ta ɗora butar kofi a kai. Yarinyar ta ci gaba da hidimarta, ni kuwa haƙurin nan nata ya fi zagi ƙona min rai.

A ta huɗu ta ce za ta shiga surace tare da Mama, sai dai ita a ɗakin sauya kaya za ta zauna ta huce a hankali. Dusar ƙanƙara ta zuba da safe, gari fari fat. Na riga na ɗebo bokiti daga rami na laɓe bayan tulin itace. Mama na gangarawa tafki, Ilmari na faskare a bayan gida, na tura ƙofa. Pihla na zaune da tawul, ta ba ni baya. Na sheƙa mata shi tun daga ka, har da ɓarɓashin ƙanƙarar, na zura cikin bishiyoyi, na zagayo ta hanya ina fito kamar ban san komai ba.

Na zaci zan ji ihu. Shiru na ji, sai ƙarar faɗuwa.

Da muka shiga tana ƙasa. Jikinta ya yi rudu-rudu kamar an zane ta da bulala, leɓɓa sun kumbura, numfashinta na fita da ƙara kamar usur. Ilmari ya zazzage jakarta, ya caka mata allurar a cinya, ya kira motar asibiti yana kuka.

"Wa ya yi wannan? Wa?"

"Ita ta kwara wa kanta," na ce. "Don ta faranta wa Mama."

Ya juya ga Mama, idonsa jawur. "Kin ji? Hankalinki ya kwanta? Daga yau ki ƙirga 'ya'yanki ki cire ɗaya!"

Motar ta tafi da su. Na shiga kicin na haɗa kofi, ina yaba wa kaina da saurin baki. Ta taga na hango Mama tana tafe a duƙe cikin dusar kamar mai neman allura. Can sai ga ta da takalmina a hannu.

"Dunduniyar hagu a cinye. Tun kana ɗan shekara biyar haka kake cinye ta. Ga sawunka nan daga rami zuwa tulin itace, daga itace zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bishiyoyi da gudu."

"Mama, ai takalma iri ɗaya sun yi yawa a…"

"Maƙaryacin banza! Ɗauko makullin mota."

A asibiti likita ta tare mu a baranda. Ta ce ruwan ya sa hanyoyin jinin yarinyar sun buɗe gaba ɗaya, ƙarfin jinin ya faɗi warwas, maƙogwaro ya fara toshewa. Ba don allurar ba da gawa aka kawo musu. Na buɗe baki zan ce ai haka na yi zato, Mama ta sakar min gwiwar hannu a haƙarƙari.

Pihla ta farfaɗo, ana ƙara mata ruwa. Ilmari na ganinmu ya miƙe. "Me kuka zo yi? Ƙarasa ta?"

"Ilmari, mahaifiyarka ce," in ji Pihla, murya a dashe. "Na gaya maka ba laifinta ba ne."

Mama ta matsa bakin gado. "Kin ga wanda ya yi?"

"Na ga hularsa, Mama."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ban zo raba wa da ƙani ba."

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: Mama a durƙushe, tana riƙe da hannun yarinyar tana kuka. "'Yata, ki yafe min. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciwon da ba a jikinka yake ba, kada ka ce ƙarya ne. Haƙurinki ya fi ramin nan zurfi. Ni da kaina zan raka ki coci."

Ganin hankali ya koma kan kuka, na fara ja da baya. Sai na ji na daki wani abu kamar gungumen itace. Mahaifin Pihla ne, mai saran bishiyoyi, ya cike ƙofar kaf, ashe ya ji komai.

"Kai ne likitan?"

Na ce, "Baba, wasa ne fa…"

"Ba ni da wa mai irin wannan wasan," in ji Ilmari. "Ranar bikina kada in ga ƙeyarka."

Tsohon ya ɗora hannu ɗaya a kafaɗata, sai ga ni a kan kujera ban shirya zama ba.

"Zauna, likita. 'Yan sanda na hawowa. Ka yi musu bayanin wasan, da abin da ke cikin littafin naka."