Ruxandra da Baƙon Sabbin Benaye

Ranar da Horia ya fara ganin Ruxandra ana ta yayyafi, jirgin safe mai zuwa Bukarest kuma ya makara kamar kullum. Mutane sun cunkushe a rumfar tasha, kowa ido a kan waya. Ita kaɗai ke kallon doguwar hasumiyar hayaƙi da ke bayan layin dogo.

"Don Allah, wancan dogon ginin na mene ne?" ya tambaye ta.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan sabbin benaye ne ko?"

"Yaya aka yi kika gane?"

"Ɗan gari ba ya wannan tambaya. Masana'antar gilashi ce. Ita ta haifi garin nan, da ta mutu ta bar mu da jiran jirgi."

Gaskiya ta faɗa. Gilashi ne ya tara kakanninmu a nan, suka gina coci da makaranta da zauren ma'aikata, inda ake bikin aure da cin abincin makoki. An rufe masana'antar tun Ruxandra na goye. Yanzu da safe jirgi ya kwashe masu ƙarfi, da yamma ya dawo da su a gajiye. Tsakar rana sai tsofaffi da karnuka.

Ita a kantin magani take aiki a birni, shi kuma mai auna filaye ne a wani kamfanin gine-gine. Tun daga ranar tarago ɗaya suke shiga.

"Ruxi tawa, na kama miki kujerar taga. Wata tsohuwa sai hararata take, ki yi sauri," ya rubuta mata wata safiya.

"Baƙona, ba tsohuwa kujerarta. Tsayuwa kusa da kai ta ishe ni."

Da sanyi ya shigo ta kai shi gida. Mahaifinta, nea Grigore, wato baba Grigore, tsohon mai hura gilashi ne, aikin ya cinye masa huhu. Tun rasuwar matarsa su biyu suka rage. Ya zuba wa Horia ƙaramin kofi na ţuică, barasar gida, ya jira tari ya sake shi.

"Wa ka binne a garin nan, yaro?"

"Babu kowa, nea Grigore."

"To kai mai kwana ne kawai. Ranar da haya ta yi sauƙi a wani wuri za ka tafi, ka ja min 'ya."

"Tata, ko sarmale bai ɗanɗana ba ka fara," in ji Ruxandra a hankali. Tata take kiran mahaifinta.

"Ya ci. Ci daban, aure daban."

Wanda tsohon yake so shi ne Codrin, ɗan maƙwabcinsa, ma'aikaci a ofishin magajin gari. Codrin ya daɗe yana kawo itacen hunturu yana jiran ranarsa. Da labari ya bazu cewa an sayar da zauren ma'aikata za a gina benaye a wurin, ya tare Ruxandra a tasha, ya miƙa mata wayarsa. Hoton Horia ne, sanye da rigar aiki, yana auna bangon zauren.

A nan iyayenta suka yi rawar aurensu. A nan aka ci abincin makokin mahaifiyarta. Ta shiga wani tarago daban, ta yi kuka har birni.

"Ruxi, ni ne a hoton. Kamfani ya turo ni, tsoron rasa ki ya hana ni faɗa miki. Na yi kuskure," Horia ya rubuta mata.

"Da ka faɗa da bakinka da na jure. Kada ka ƙara kama min kujera."

Hunturu ya yi tsawo. Tsofaffi suka tsaya cikin ƙanƙara suna kallon motar rusau tana cin zauren, wasu sun cire hula kamar a jana'iza. Horia bai iya komawa wurin ba. Ya ajiye aikin, bai gaya wa kowa ba.

Shi ya sa wata Talata da rana yana gari, lokacin da babu wani mai ƙarfi. Yana dawowa daga sayen burodi ya hangi nea Grigore kife a bakin ƙofarsa, leɓensa sun yi shuɗi. Wata tsohuwa na tsaye kansa tana kiran sunansa. Masu motar asibiti suka ce sai an jira. Horia ya goya shi har bakin titi, ya tare motar kaya, ya riƙe kansa a cinya har asibitin gunduma.

"Ruxandra, Tata ya faɗi. Yana numfashi, likita na tare da shi. Ina nan, ba zan motsa ba sai kin zo."

Ta iso da yamma, ta tarar da shi zaune a ƙasa, takalminsa duk laka.

"Me kake yi a gari da rana?"

"Na bar aikin tun ranar rusau."

"Don ni?"

"Don na kasa kallon fuskokin tsofaffin nan. Ke kuma ban san yadda zan daina son ki ba."

Ta zauna kusa da shi, ta jingina kai da kafaɗarsa.

Likita bai ɓoye musu ba: tsohon ba zai ga wani hunturun ba. Da aka sallamo shi, Horia ne ke wanke shi yana juya shi da rana, har ya samu ɗan aiki a gunduma. Codrin ya zo dubiya, ya ga Horia riƙe da cokali yana ba tsohon abinci, bai sake dawowa ba.

Wata rana nea Grigore ya kama hannun rigar Horia.

"Kai, mai taurin kai. In za ka aure ta ka yi sauri, ba ni da lokacin jiran jirgi."

Aka ɗaura auren bayan Ista. Tunda babu zaure, sai aka jera tebura a kan titin gidan. Tsoffin ma'aikata suka zauna gefe guda, mutanen benaye gefe guda, kafin a yanka cozonac, burodin biki, sun cakuɗe. Tsohon bai iya zuwa coci ba, don haka ango da amarya suka shiga ɗakinsa da kayan bikinsu, suka durƙusa gaban gado.

Ya ɗora hannu a kan kowannensu. Maganar na fita da ƙyar.

"Allah ya ba ku gida mai ɗumi da 'ya'ya masu lafiyar ƙirji. Ruxandra, kada ki yi kuka a wannan rigar. Horia, ɗana, buɗe min taga in ji kiɗan."

Horia ya tashi ya buɗe.