Mai Tsaron Baya

Ranar Juma'ar da Shuruk ta fara fita gudu da ƙungiyar bakin teku, ita ce ta ƙarshe. Kafin a kai gadar Istanli jama'a sun yi mata fintinkau, ba ta hango komai sai bayan rigunansu. Iskar tekun Iskandariya na kaɗa mayafinta, ƙirjinta na zafi kamar ta haɗiyi barkono.

Sai ta ji takun mutum a gefenta. Wani siririn saurayi ne sanye da riga ruwan ɗorawa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.

"Malam, wuce mana," ta faɗa da kyar.

"Ba ni da izinin wucewa, Malama. Sunana Hazim, ni ne mai tsaron baya. Dokar ƙungiya ce, ba a barin kowa shi kaɗai a hanya. Yi min magana."

"Da wane numfashin?"

"Ai shi ne. In kina iya magana kina gudu, daidai kike. In ba kya iyawa, kin yi sauri da yawa."

"Ni ce na yi sauri? Yanzu fa wata tsohuwa da kwandon kifi ta wuce ni!"

Ya yi dariya har da buga cinya. Ita kuwa ta daɗe rabonta da hira. Tun rasuwar mahaifiyarta gidansu ya yi tsit. Yayarta na aure a Kuwait, ƙawayenta duk sun watse gidajensu, mahaifinta Baba Fat'hi kuma in ya ce "an gode" bayan shayi, to ya gama maganar ranar. Littattafai ne kawai suka rage mata, waɗanda take sayowa a titin Nabi Daniyal in ta taso daga makarantar da take koyarwa.

Don haka ta fara ba shi labarin littafin da take karantawa, na wani matuƙin jirgin ruwa da ya ƙi sauka tudu. Ba ta ankara ba sai ga su a gindin ganuwar Kayitbay, jama'a na tafa musu. A al'adar ƙungiyar, ba mai taɓa wake da burodi sai mai tsaron baya ya iso.

Haka abin ya ɗore. Kowace Juma'a ita ce a baya, shi a gefenta, labari a tsakaninsu. Hazim ba mai yawan karatu ba ne, gyaran na'urorin asibiti yake yi, amma gwanin sauraro ne, kuma yakan ɗauki mutanen littafi tamkar maƙwabtansa. Tsakiyar mako sai saƙonsa ya shigo:

"Malamar Labari, matuƙin nan ya hana ni sukuni. Ki gaya masa na ce ya je ya ga uwarsa."

Ta mayar masa: "Kaftin, ka yi haƙuri zuwa Juma'a. Ba na ba da labari a zaune."

Takan daɗe tana kallon saƙon a falo, Baba na gefe yana kallon talabijin ba sauti. Ta san ta kamu, ba ta kuma yi wa kanta gardama ba.

Matsalar ita ce jiki ba ya ɓoye horo. Da watanni suka ja, ƙafafunta suka yi ƙarfi, numfashinta ya zauna. In ta saki jiki za ta bar baya, in ta bar baya ta bar Hazim. Sai baiwar Allah ta shiga dabara. Ta riƙa gajarta taku, tana haki na ƙarya, wani lokaci har ta tsaya ɗaure igiyar takalmin da bai kwance ba.

Wata safiya tana tsaka da ba shi labarin sabon littafi, na wani tsoho mai kiwon zuma da mutanen ƙauyensu suka ƙaura suka bar shi, sai Hazim ya katse ta.

"Shuruk, daga mako mai zuwa za ki koma sahun gaba. Na riga na faɗa wa shugaba."

"Me na yi?"

"Ba abin da kika yi. Kin wuce nan ne. Akwai sababbi da ke bukatar a tsaya da su."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ashe aiki yake yi. Ashe da ita da duk wanda ya zo ƙarshe ɗaya ne a wurinsa. Ta buɗe taku ta bar shi a wurin, ta isa ganuwa da hawaye a fuska, ta ce wa mutane iska ce.

Sahun gaba babu hira. Kowa idonsa kan agogon hannunsa. A nan Dakta Wa'il yake, mai kantin magani, ɗan maƙwabtansu na hawan ƙasa, wanda ya fara lissafa ta cikin mutane tun ranar da ta kusa wuce shi. Ta taɓa gwada ba shi labarin tsoho mai zuma, ya ce, "Ki adana numfashinki, muna ɓata lokaci." Amma ba a jima ba sai ga shi a falonsu da kwalin alewa, shi da mahaifiyarsa.

"Yaron kirki ne," in ji Baba bayan sun tafi. "Mun san asalinsu. Kuma ga shi nan ƙasa da mu, matakala kawai za ki sauka."

Shuruk ta rufe littafin zuma a tsakiya, ba ta ƙara buɗe shi ba. Karatun da ba ka da wanda za ka ba labarinsa ya fita mata a rai. Tana gudu cikin mutane, tana cin abinci da mahaifinta, amma kaɗaici bai taɓa cin ta irin na wannan lokacin ba.

Da hantsin wata Talata, tana ɗakin malamai, wayarta ta yi ƙara.

"Malamar Labari, don Allah tsohon nan, zumarsa ta rayu?"

Ta rubuta: "Tambayi sababbin da kake tsarewa."

Sai amsarsa ta shigo: "Na san hakinki na ƙarya ne. Mai haki na gaske ba ya kawo dogon zance ba yankewa. Ni gwiwata ta lalace tun wani haɗari, ba zan ƙara yin sauri ba har abada. Na ga kina daƙile kanki saboda ni, na ji kunya. Na ɗauka kyauta na yi miki. Tun ranar nan ban ji daɗin Juma'a ba."

Ta mayar masa: "Wa ya ce maka sauri na zo nema?"

"To me kika zo nema, hasken idona?"

"In ba ka sani ba, lallai gwiwar ba ita kaɗai ta samu matsala ba."

"Na sani. Ki nema min izini wurin Baba."

Baba Fat'hi ya saurare ta yana juya cokali a kofin shayi.

"A ina kika san shi?"

"A wurin gudu, Baba. Shi ne mai tsaron baya."

"Wato sana'arsa bin 'ya'yan mutane a baya a kan titi? Kuma gidansu ina?"

"Abu Kir."

"Ƙarshen duniya! Ba zai taka min gida ba."

Ta yi kuka, ta yi magiya, ta sa yayarta ta kira daga Kuwait. Baba ya koma cikin shirunsa ya rufe ƙofa. Abin da ya ƙara kawai shi ne, in watan gobe ya kama za a karanta Fatihar baiko da gidan su Wa'il.

Juma'ar da ta biyo baya ta fita ne da niyyar ban kwana. Ta isa ganuwa cikin na farko, ta zauna a kan dutse tana jiran mai riga ruwan ɗorawa. Masu matsakaicin gudu suka iso, masu jan ƙafa suka iso, har matar da ta fara zuwa makon jiya ta iso, babu Hazim. Wake ya huce a kwano, rana ta ɗaga.

"Wannan doka sai an gyara ta," in ji Wa'il yana duba agogo. "Wa kuma ya samo yau, kunkuru?"

Can sai aka hango su. Hazim na tafiya a hankali, hannunsa riƙe da kwat ɗin wani dattijo. Dattijon na sanye da takalmin fita unguwa, yana tafe yana magana, yana nuna teku da hannu. Shuruk ta miƙe tsaye. Baba ne. Baban da ba ya haɗa jimla biyu a yini, shi ne ke zuba kamar an kunna rediyo.

Jama'a suka tafa kamar yadda aka saba. Hazim ya jawo kujera.

"A ba Kawu ruwa, sabon ɗan ƙungiya ne. Daga tashar Raml na tsince shi yana bin sahunmu, ya ce shi ba ruwansa da gudu, na ce ni ma haka. Kawu, ba ka ƙarasa min ba, da mahaifin Hajiyar ya kore ka sai aka yi yaya?"

"Baba," in ji Shuruk da siririyar murya.

Kwat ya kusa faɗuwa daga hannun Hazim.

Baba Fat'hi ya sha ruwa, ya goge gumi, idanunsa jajir.

"Zuwa na yi in ga ɗan iskan da ke bin 'yata, in ci masa mutunci," ya ce. "Sai wannan ya manne min, wai in yi masa magana don numfashina ya daidaita. Rabon da in ambaci sunan uwarki a fili tun ranar da muka binne ta." Ya dubi Hazim sama da ƙasa. "Kai ne, ko?"

"Ni ne, Kawu. Wallahi ban san kai ba ne."

"Na san ba ka sani ba. Ka turo manyanka."

An ɗaura auren a masallacin unguwarsu bayan la'asar, mata na guɗa, ana zagayawa da jan sharbat. Ma'azun, malamin ɗaurin aure, ya haɗa hannun Baba da na ango, ya lulluɓe su da farin hankici. Har aka shafa Fatiha Baba bai saki hannun ba.

Da za a tafi da amarya, Shuruk ta rungume shi a bakin mota tana kuka.

"Baba, wa zai dafa maka shayi?"

"Ni yaro ne?" Ya gyara mata mayafi. "Saurara, 'yata. Ba yaron na ƙi ba, nisan na ƙi. Na so in ajiye ki a ƙasan matakala don kar in kwana ni kaɗai a gidan nan. Wannan son kaina ne, ba naki ba."

"Kawu, ɗaki na nan a Abu Kir," in ji Hazim. "Tagarsa na kallon teku."

"Ku fara zama tukuna, ɗana. In shirun ya fi ƙarfina, da ƙafata zan zo." Ya ɗora hannu a kan kowannensu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai hayaniya, ya sa kada ɗayanku ya taɓa cin abinci shi kaɗai."

Duk wanda ke wurin ya ce amin. Mota ta tashi, Hazim ya riƙe hannun amaryarsa, ita kuma ta juya tana kallon baya. Baba na tsaye a ƙofar gida yana ɗaga musu hannu yana murmushi, bai shiga ciki ba har suka sha kwana.