Ruwan Tumatir da Mishmishin Makka

"Wa ya kawo maka wannan?"

Fadila ta tsaya cak a bakin ƙofa, fulas a hannunta, idonta a kan wani kwano mai murfin gilashi.

Nu'uman, saurayinta, ya yunƙura ya zauna da ƙyar. Zazzaɓin sauro ya sake shi, amma ya bar shi fayau, tafin hannunsa fari fat. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa.

"Amatullah ce... Mishmish ne, wani busasshen ɗan itace, tsarabar Umararta. Dafa shi ta yi."

Amatullah! 'Yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda duk Daura an san ita mahaifiyar tasa, Hajiya Siddiƙa, ke so ya aura, ba Fadila 'yar manoman tumatir daga Sandamu ba.

"Ka ci?"

"Cokali ɗaya tak, hasken idona..."

"Cokali ɗaya! Ni da na tashi tun asuba na tsinko tumatir a lambun Baba, na markaɗa, na tace maka? Dubi jansa! Jini ke nan tsantsa. Wancan abin ko kalar jini yake da ita?"

Hawaye ya zubo mata. Ganin haka ya rikice, ya yi mata alkawarin ba zai ƙara taɓa kwanon ba.

Ya kuwa cika alkawari. Kullum Amatullah ta kawo, kullum kwanon ya koma yadda ya zo. Ita ma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta je ta raɗa wa Hajiya cewa 'yar Sandamu ce ta hana shi ci. Hajiya ta aika wa su Fadila cewa maganar sa rana ta dakata, ba za ta haɗa ɗanta da mai son kanta fiye da lafiyarsa ba.

Fadila ta samu yayarta Hasana, ma'aikaciyar jinya, tana huci.

"Yaya, ki zo ki faɗa musu tumatir ya fi ƙara jini!"

Hasana ta yi dariya. "Wa ya ce miki ja shi ne jini? To ki ba shi jan-baki mana."

"Yaya, don Allah..."

"Gaskiya za ki ji. Sinadarin da ke gina jini ya fi yawa a mishmish, ko da an dafa shi. Ga ƙarfin jiki, sai dai zaƙinsa da yawa. Tumatirinki bitamin C gare shi, shi ke taimaka wa jiki ya karɓi wancan. Shi kaɗai ba zai tashe shi da wuri ba."

"Ke nan nata ya fi nawa?"

"A wannan ciwon, e."

Fadila ta zauna daɓas. Kwana shida yana hana kansa saboda ita...

Washegari da hantsi ta isa gidan. Amatullah na zaune gefen Hajiya, an sha ado, kwanon na nan a rufe. Fadila ta durƙusa ta gaida Hajiya, aka amsa mata ciki-ciki.

Ta jawo kwanon. Ƙamshin turaren Amatullah har a jikin murfin! Zuciyarta ta yi zafi kamar ta wurgar da shi tsakar gida. Ta dai daure ta buɗe, ta sa cokali, ta tura gaban Nu'uman.

"Ci, sahibina."

"Amma ai na yi miki alkawari..."

"Na yafe. Ni ce ban sani ba, nata ya fi nawa amfani. Ka cinye, ka kora da tumatirin."

Nu'uman ya ɗauki cokalin ya fara ci.

Hajiya ta daɗe tana kallon Fadila.

"'Yar nan, da ciwo ko?"

"Da ciwo, Hajiya," in ji Fadila, kanta a ƙasa.

"Na gani. Ki gaya wa babanki, baffannin Nu'uman na nan tafe ranar Juma'a."

Amatullah ta miƙe fuu, ta suri jakarta. Fadila ta share ido, ta sha gabanta a bakin ƙofa.

"Anti Amatullah, tsaya mana. Ruwa kofi nawa kike sawa? Daga gobe ni zan riƙa dafa masa."