Cinikin Gola

Ranar da Zinatu ta fara ganin Kalilu, dariya ta yi masa har da riƙe ciki. Gasar ƙwallon kwalejoji ake yi a wani fili a Aliero, ita kuwa ƙawayenta kawai ta rako. Can ta hango golan 'yan Maiyama, dogo siriri kamar karan dawa, safar hannunsa ɗaya ja ɗaya baƙa, ta damar ma irin ta 'yan acaɓa ce.

Amma fa yaron ya iya, kai! Fenariti biyu ya ture, har ita mai dariyar ta manta ta shiga ihu.

Da aka tashi, 'yan wasansu suna hawa motar albasar da ta kawo su, sai ya ratso ya tsaya gabanta.

"Malama, tun daga raga nake jin dariyarki."

"Safar taka ta aro ce?"

"Duka biyun. Hannuwan dai nawa ne."

Shi ke nan fa, magana ta ƙare. Shi ɗan Mungadi, ita 'yar Jandutsi, kafin wata biyu sun saba kamar tare aka yaye su. A ƙungiyarsu ba a biyan kowa ko sisi, don sunan makaranta kawai suke yi. Kocinsu Malam Maccido, tsohon malamin motsa jiki, shi ke saya musu rake da ruwan leda daga ɗan albashinsa. Wannan talaucin nasu mai cike da raha shi ya ƙara sa mata son Kalilu.

Idan an ci su ya rubuto: "Zinariyata, yau mun sha biyu da nema, amma da na tuna ki sai na ji kamar mu muka ɗau kofi."

Ta mayar: "Golana sarkin daɗin baki. Je ka gasa gwiwarka da ruwan zafi, ina yi maka addu'a."

Mahaifinta Malam Sabo manomin albasa ne, ba ya wasa da zancen tukunya. Da maganar ta iso gare shi ya kira ta.

"Wanga yaro mi yake yi?"

"Ɗalibi ne, Baba. Yana kuma tsaron raga."

"Ana biyan shi?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Baba."

"To ni ɗiyata ba ta cin tafin 'yan kallo. Ki gaya mishi, kafin a cire albasa in ga sana'a a hannunshi. In babu, ga Yasir nan yana ta sintiri."

Yasir ɗan mai wata kwalejin kuɗi ne a Jega. Su ƙungiyarsu bas gare ta mai sanyi, fili mai ciyawa, ga kamfanoni na liƙa suna a rigunansu. Duk ɗalibin da ya iya taka leda a wata makaranta sai su ɗauke shi, su yafe masa kuɗin karatu, su yanka masa albashi. Zinatu ko kallon Yasir ba ta son yi.

Ta gaya wa Kalilu wa'adin tana kuka. Daga ranar har mako biyu, ba kira ba saƙo daga gare shi. Sai ranar nan ƙawarta ta miƙo mata waya: ga hoton Kalilu cikin koriyar rigar kwalejin su Yasir, da sabuwar safa, da makullin babur a hannu.

Ba ta gama farfaɗowa ba Yasir ya tare ta a bakin makaranta, yana murmushi daga cikin mota.

"Na bar mishi ke, Zinatu. Mata sun yi yawa a gari, gola irin shi kuwa ɗaya ne a jihar ga."

Wayyo, da ma marinta ya yi! Nan take ta rubuta wa Kalilu: "Ashe ni ma ina cikin ciniki? Ni da babur farashi ɗaya? Kada ka sake kirana."

Washegari da la'asar sai ga shi a ƙofar gidansu a Jandutsi. Ya rame, sabon babur ɗin ma bai yi masa kyau ba. Ta fito ne don ta kore shi.

"Zinariyata, sau uku su Yasir suna zuwa nemana ina ƙi. Wallahi ban sa sunanki a bakina ba. Sai da na sa hannu Yasir ya faɗi maganar nan gaban mutane yana dariya, ni kuma na haɗiye, don ban da wata hanyar samun ki."

"Malam Maccido fa?"

Nan idonsa ya kawo ruwa. "Na je na gaya mishi. Da ma faɗa ya yi mini. Cewa kawai ya yi, 'Tahi, ɗana, ni rake kaɗai nake iya biya.'"

Fushinta ya zube, tausayi ya maye. Ta gane ita ce silar, ta zauna a dakali ta taya shi kuka.

Malam Sabo ya ga babur, ya ji albashi, ya ce madalla. Aka sa rana bayan cire albasa. A tsakanin nan ƙungiyar Maiyama ta watse: huɗu suka bi sahun Kalilu zuwa inda ake biya, saura suka ce ba za su ci gaba da karya ƙafa a banza ba. Zagaye na gaba ko fili ba su fito ba.

A al'adar samarin yankin, jajibirin ɗaurin aure abokan ango kan buga masa wasa. Aka share filin Mungadi, aka kafa rumfa, ƙawaye suka kawo Zinatu a lulluɓe. Sababbin abokan wasansa suka aiko a tambaya nawa za a ba su na mai, da ba su ji amsa mai daɗi ba suka yi zamansu. Tsofaffin kuwa mutum shida ne suka zo, sai Malam Maccido da usur ɗinsa.

Aka raba uku da uku a filin mutum ashirin da biyu. Kalilu ya shiga raga. Ƙwallon farko da aka bugo masa, mai sanyi, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, don hawaye ya hana shi gani. Ba wanda ya yi dariya.

Da safe aka ɗaura aure, Zinatu ta zama matar Golanta, tana murna zuciyarta na ciwo. Kafin ya tafi, Malam Maccido ya nemi a kira masa su biyun zaure, ya daɗe yana sa musu albarka.

"Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Kalilu, ka riƙe ta hannu biyu, ka dai san abin da ka bayar ka same ta."

Zinatu ce ta amsa musu su biyun daga cikin mayafi: "Amin, Baba."