Ranar Da Aku Ya Manta Haddarsa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tana zaune ne a kujerar gaba ta zauren wasan kwaikwayo na jami'a, ta tuɓe takalma, ranta a ɓace. Tun safe take gwada samari don ta sami jarumin wasanta, amma duk wanda ya hau dandamali sai ya kama ihu kamar mai tallan magani.

Tana haɗa takardunta wani dogon saurayi ya leƙo.

"An tashi ne?"

"An tashi," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To a ara mini shafin in gani mana, ko na rage zafi."

Ta miƙa masa don ya ƙyale ta. Ya karanta sau ɗaya, ya mayar mata, ya hau dandamali ya kawo shi kaf babu tuntuɓe, cikin sanyin murya kamar mai hira. Sai a lokacin ta dube shi da kyau, kuma ta daɗe tana duban.

"Shi ya sa 'yan ajinmu suke ce mini Aku," in ji shi, yana murmushi.

"Aku ai bai san ma'anar abin da yake faɗa ba."

"Sai ki koya mini, Darakta."

Daga ranar sunan ya bi ta.

Auta tana ajin ƙarshe ne, kuma makinta ya kai ta sahun masu neman digiri mai lambar yabo. Sashensu ba ya ba da wannan lamba a ɓagas. Sai ɗalibi ya rubuta kundi, ya shirya wasa nasa na kansa a gaban jama'a, sannan ya tsaya ya amsa tambayoyin malamai da na 'yan kallo. Farfesa, dattijuwar da ke duba aikinta, ta ja mata kunne kan dokoki biyu. Darakta ba ya fitowa a wasansa. Kuma da zarar an buɗe labule, zai zauna kusa da malamai, ba magana, ba alama da hannu, ko rufin zauren ne zai faɗo.

Dokar farko ce ta fara gasa ta. Dole ta nemi wadda za ta fito a matsayin budurwar Aku, ta ɗauko wata kyakkyawa da ake kira Tauraruwa. Kafin atisaye ya yi nisa, Auta ta riga ta faɗa son jaruminta tsundum, shi ma ya faɗa mata nasa a bakin matakala, yana rarraba ido. Sai ga ta kullum da rana tana tsaye tana koya wa masoyinta yadda zai kalli wata.

"Ka sassauta murya. Ka dube ta kamar ba ka da kowa sai ita."

Ya yi yadda ta ce, ya kuma yi da kyau. Tauraruwa ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Ya isa!" Auta ta daka tsawa. "A huta."

"Ba mu yi daidai ba ne?" in ji Tauraruwa.

"Kun yi. Har ma ya yi yawa."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Daraktata, ke kika rubuta kalaman, ke kika ce in faɗa, ke kuma kike fushi. Ni Aku ina zan sa kaina?"

Ta mayar masa: "Ka sa shi a inda ka ga dama. Amma gobe ka rage kallon nan."

"Idan na rage, Farfesa ta rage miki maki. In na ƙara, ki rage mini fara'a. Na zaɓi makinki, fara'ar zan lallaso ta daga baya."

Ta yi dariya ita kaɗai har Umma ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Abba, ta biyo ta jami'a don ta ga 'yar ɗan'uwanta. Ta tura ƙofar zaure daidai lokacin da Aku ya durƙusa gaban Tauraruwa, hawaye shaɓe-shaɓe, yana rantsuwar ba zai iya rayuwa babu ita ba. Gwaggo ta san shi, don Auta ta taɓa nuna mata hotonsa. Ba ta tsaya neman bayani ba, ta ja ƙofa ta yi gida, gani ya kori ji.

Abba tsohon alƙali ne, mutum mai sauraro har ƙarshe kafin ya yi magana. Ya bar Gwaggo ta zazzage nata, ya bar Auta ta yi bayani.

"Abba, wasa ne. Ni na rubuta maganganun da hannuna."

"Na yarda wasa ne," ya ce, sannan ya dubi Gwaggo. "Ke, hawayen na gaske kika gani?"

"Har da majina, Yaya," in ji Gwaggo.

"To kin ji, Auta. Ba na zarginsa da neman wata. Abin da ya dame ni ya fi wannan. Na ƙare ƙuruciyata ina kallon masu kukan ƙarya a gabana. Yaron da zai yi kukan da gwaggonki za ta gaskata, ranar da yake yi miki wasa ta yaya za ki gane? Kada ya turo manyansa tukuna. Ban ce a'a don ƙiyayya ba, ban dai ga inda zan kama gaskiyarsa ba."

Maganar ta taɓa wani wuri da Auta ita ma take tsoro. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta daina amsa kiran Aku. A wurin atisaye ba ta ce masa komai sai "matsa hagu" da "ɗaga murya".

Saƙonsa ya zo: "Auta, na iya haddace maganar kowa, amma ban san wadda zan faɗa miki ki yarda ba. Duk abin da na ce za a ce hadda ce. Zan yi shiru in jira ki."

Ta karanta ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe ta rubuta: "Ban daina son ka ba, tsoro nake ji. Bari mu ga bayan wasan nan."

Ranar wasa zaure ya cika maƙil tun da hantsi. Auta ta zauna kusa da Farfesa da sauran malamai, hannuwanta a kan cinya. Ana shirin kashe fitilu ta hango Umma tana shigowa, Gwaggo na biye, Abba a gabansu da sandarsa. Umma ce ta lallaɓo shi, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Aka ba su kujerun gaba. Auta ta so ta aika wa Aku saƙo, amma babu hali, an riga an buɗe labule.

Wasa ya tafi sumul. Mutane suka yi dariya a inda take so, suka yi tsit a inda take so. Aka zo wuri mafi nauyi, inda jarumin zai juyo ya fuskanci 'yan kallo ya faɗi dalilin da ya sa ya cancanci yarinyar. Aku ya juyo, ya buɗe baki, idonsa ya sauka cikin na Abba.

Shi ke nan, magana ta ɗauke.

Aku, wanda bai taɓa tuntuɓe da kalma ba tun shigowarsa jami'a, ya tsaya ƙiƙam, gumi na tsatstsafo masa. Kalmar farko tana kan harshen Auta, da ta motsa leɓe kawai zai kama. Farfesa ta dube ta ta gefen tabarau. Auta ta cije leɓe, ta damƙe hannun kujera, tana ji aikin shekara guda yana zubewa a gabanta.

Tauraruwa ce ta yi ta maza. Ta tako kusa da shi, ta ce da murya irin ta wasan, "Ka yi shiru. Ashe kai ma kana jin tsoro?"

"Ina ji," in ji Aku, muryarsa na rawa. "Wallahi ina ji. Na shirya magana mai daɗi, ta gudu. Ni dai... ina son ta. Ban san yadda ake tabbatarwa ba. A ba ni dama kawai, a gani."

Babu ko ɗaya daga cikin wannan a rubutun Auta. Daga nan ya kamo zaren, suka kai wasan ƙarshe, zaure ya ɗauki tafi.

Aka kunna fitilu, Auta ta hau dandamali don amsa tambayoyi, 'yan wasanta a bayanta. Wani malami ya gyara zama.

"Shirun nan na kusa da ƙarshe ya burge ni ƙwarai. Ke kika tsara shi?"

Da a ce za ta ce e, da ta wuce da makinta cikakke. Ta dubi Abba.

"A'a, Malam. Mantawa ya yi."

Aka yi 'yar dariya, malamin ya yi rubutu a takardarsa. Da Farfesa ta ce ko akwai mai tambaya cikin 'yan kallo, sai aka ga sanda ta ɗaga a layin gaba.

"Tawa ba ta darakta ba ce," in ji Abba. "Kai, dogo. An ce mini ba ka mantuwa. Me ya same ka?"

Aku ya durƙusa a kan dandamali, wannan karon ba da umarnin kowa ba.

"Abba, ku na gani."

Zauren ya kwashe da dariya, har Farfesa sai da ta cire tabarau tana share ido. Abba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonsa irin kallon da ya saba yi wa masu ba da shaida, sannan ya gyaɗa kai.

"Maƙaryata da yawa sun tsaya a gabana," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda ya manta haddarsa ba, su kullum a shirye suke. Tashi, yaro. Ka ce wa manyanka ina gida."

Gwaggo ce ta fara share hawaye, tana cewa ita dama tun farko ta ga yaron da hankali. Umma ta harare ta, ta ƙyale.

An rage wa Auta maki saboda shirun, don Farfesa ba sani ba sabo ce. Duk da haka lambar yabon ta samu, da ƙyar, kuma ba a taɓa ganin wadda aka rage wa maki tana murna irin tata ba. Ta rungume Tauraruwa ta nemi gafarar hararar da ta sha yi mata, ita kuwa ta ce ba za ta yafe ba sai an sa ta a gaban ƙawayen amarya.

Bayan Aku ya kammala nasa karatun aka ɗaura aure. Da ya je gaishe da surukinsa, Abba ya dafa kansa ya ce wa abokan ango, "Ku riƙa tuna masa hanya, yana da mantuwa." Sannan ya yi musu addu'a mai tsawo, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa gaskiya ta zama abin da za su riƙa faɗa wa juna ko da murya na rawa. Kowa ya shafa da amin.

Auta tana zaune cikin ƙawayenta wayarta ta yi ƙara.

"Daraktata, ga ni nan zuwa, kuma ban haddace komai ba."

Ta yi murmushi, ta goge ƙwallar da ta taru mata, ta rubuta: "Haka nake son ka. Taho, in ka manta ni zan tuna maka, yanzu babu dokar da ta hana."